Dutsen da Suka Danne Taswira da Shi

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Hajara, wadda ke kwance a bayan tsohon garin kuza, cikin duwatsun Abzin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƴa ke yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, Ya yalwata miki makwanci. Rabi ce, daga Yamai. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na kuma san mutane ne za su karanta wannan a wayoyinsu, cikinsu har da waɗanda zan kawo miki ƙararsu. Su karanta, da ke nake magana. Sunan garin ne kawai ba zan rubuta ba, kin san shi, ni ma na san shi.

Ƙarar ɗanki na kawo, Inna.

Mutari nake nufi, jaririn da kika bari ko zama bai fara ba. Yanzu ƙato ne mai tumbi, furfura ta fara leƙo masa a gemu. Allah Ya buɗa masa, yana da mata da ƴaƴa da gida mai bene, yana kuma da irin doguwar motar nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake kira katkat. Shi da abokansa masu irin motar sun kafa ƙungiya, shi ne shugaba, suna ce masa Firezidan. Aikinsu ran Lahadi shi ne su fita bayan gari su nemi rairayi. Ki fahimce ni da kyau, don ni ma na daɗe ban gane ba: mutum da hankalinsa zai bar kwalta lafiyayya, ya shiga rairayi da gangan har motarsa ta kafe, ya fito yana gumi yana tono, sannan a ɗauke shi hoto yana dariya. Ban taɓa hana shi ba. Kowa da abin da ke ɗebe masa kewa.

Bana suka ce rairayin kusa ya ishe su, nesa za su. Mutari ne ya kawo sunan garinmu, tunda a takardarsa ta haihuwa yake ganinsa. Ya ce musu akwai wani tsohon garin haƙar kuza da aka watsar tun rufe kamfani, babu kwalta zuwa can, sai duwatsu da busassun ƙoramu. Nan take suka ce nan za su. Da yake tafiyar kwanaki ce, sai suka ga suna buƙatar mai duba lafiya a cikin ayari, aka tuna Firezidan yana da yaya ma'aikaciyar jinya. Haka aka yi na shiga maganar.

Na yarda, amma da sharaɗi ɗaya: a ba Baba kujera.

Baba yana nan da rai, yana wurina a unguwar Gudel. Ƙafafu sun yi nauyi, kunne ɗaya ya tafi, amma hankalinsa garau. Tun da muka baro garin bai koma ba. Da fari babu hali, yana gadi yana ciyar da mu. Daga baya arewa ta rikice. Ko da ta lafa, hanyar ta riga ta mutu, babu motar haya da ke shiga. Abu ɗaya yake roƙon Allah a fili bayan kowace salla, har jikokinki sun haddace: ya tsaya a kanki ya yi miki addu'a kafin a kira shi. Ni ma ina da nawa burin a ciki. Ban taɓa tsayawa a kanki ba, Inna, ban san wurin ba. Shi kaɗai ya rage a duniya da ya sani.

Ranar da na gaya masa an samu kujera, sai ya juya fuska wajen bango. Washegari da safe ya ɗauki sandarsa ya nufi garkuna, lambunan nan na bakin gulbi, wai yana horar da ƙafa. Ya aike ni Babbar Kasuwa in sayo masa takalmi mai rufi. Gishirin da na yi shekaru ina faɗa da shi a kai saboda hawan jini, da kansa ya ce a daina sa masa. Tsohon nan ya koma yaro mai jiran Salla.

Ni kuwa sai garin ya riƙa dawo mini.

Ina ganinki a cikin ƙorama tare da matan leburori, kin durƙusa kina juya ƙwarya, yashi na zubewa da ruwa, baƙin kuza na kwantawa a gindi. Hannuwanki sun tsattsage, da yamma kina shafa musu man shanu. In na taho da gudu sai ki ɗago ki ce, "Ke, sa ido ƙasa in kina tafiya, garin nan duk ramu ne."

Ina tuna gidajenmu na dutse a jere, mutanen Damagaram nan, na Maraɗi can, na Tawa a ƙarshen layi, da Buzaye masu kawo mana cuku da itace a kan jakuna. Ina tuna ƙarar ƙarfen da ake bugawa a tashi aiki. Ina tuna yadda kike raba ruwan tulu ɗaya ya isa sha da girki da alwala, in na zubar da ko kaɗan ki ce, "Rijiyar ubanki ce?"

Ina kuma tuna zazzaɓin da ya kwantar da ke bayan haihuwar Mutari, da ranar da aka ɗauke ki. Ba a kai yara mata maƙabarta, daga ƙofar gida na ga bayan mutane. Abin da na gani da kyau shi ne washegari, lokacin da Baba ya wuce da dutse a kafaɗa.

Wannan sai na yi bayani, saboda masu karatu, ke kin sani. Ƙasar wurin ba ta riƙe tudun kabari, iska na share shi kafin shekara ta zagayo. Babu allo, babu ƙarfe, yawancin leburori ma ba su iya rubutu ba. Sai aka saba da wata al'ada: duk wanda ya yi rashi, ya sauka ramin da yake aiki, ya zaɓo dutsen da ya fi kyau a idonsa, ya kafa a wajen kan mamacinsa. Wani kore, wani ja mai ƙyalli, wani fari tas. Kowa da dutsensa yake gane nasa. Baba ya wuni a rami kafin ya samo naki, baƙi mai farar jijiya a tsakiya. Ya wuce ni da shi bai ko kalle ni ba.

To, mu dawo kan shirin tafiya.

A garkar wani ɗan ƙungiya a Tondibiya, can bakin gulbi, ake taro, ran Lahadi da hantsi, ƙarƙashin mangwaro. Inna, na ga abin da ya ishe ni a tarukan nan. Manyan mutane masu jikoki sun kusa ba hammata iska a kan motar wa za ta shiga gaba. An ɓata zama guda a kan launin rigar da za a ɗinka wa ƴan tafiya. Wani ɗan kwangila ya dage sai an tafi da rago mai rai a bayan mota, don a yi gashi a can. An yi lissafin firigo nawa za su isa lemo ya yi sanyi. Ni kuma in na ɗaga hannu na ce ruwan sha fa, kunama fa, masu ciwon suga fa, sai su ce, "Tanti, za a duba," su ci gaba da maganar riga. Har suna suka raɗa wa tafiyar da Faransanci, ma'anarsa hanyar garin fatalwa. Garin da aka binne cibiyata ke nan. Na haɗiye, na ce ba komai, muddin Baba zai je.

Sai aka tura mutum uku su riga zuwa, su gano hanya da wurin zango. Mutari ne ya ja su. Suka dawo rana ta ƙona su, suna tafiya suna buɗa kafaɗa, aka kira taro don su ba da labari.

An shimfiɗa taswira a kan tebur, iskar gulbi na ɗaga ta. Mutari ya je bayan motarsa ya ɗebo duwatsu ya danne kusurwoyin. Ina zaune ina ɓare gyaɗa, idona ya sauka a kansu. Ɗaya kore. Ɗaya ja mai ƙyalli. Wanda ke gefena kuwa baƙi ne mai farar jijiya. Na ajiye gyaɗar.

Na tambaye shi inda ya samo su. Da fara'arsa ya amsa, har yau muryar na kunnena: "Yaya, ai a wurin zangonmu ne. Wani fili ne a bayan gari, shimfiɗaɗɗe, babu rami ko ɗaya. Ga duwatsu masu kyau a jere kamar an shuka su. Mun tattara wasu mun kewaye wurin hura wuta, wasu mun jera su bakin hanya don motoci su gane mashiga." Ya ce sun kuma ciko buhu sun kawo tsaraba, an riga an rarraba wa ƴan ƙungiya tun jiya.

Aka miƙo mini waya in ga hotuna. Na ga filin, na ga tsaunin nan mai tsaga biyu a bayansa, wanda nake hange daga ƙofar gidanmu. Na ga sawun taya ya zana da'ira a kan da'ira, don sun yi wasan juyi da mota suna tada ƙura. Na ga butar shayi a kan garwashi. Na ga ɗanki a tsaye bisa rufin motarsa, ya ɗaga yatsu biyu.

A jere, Inna. Da bakinsa ya faɗa. Duwatsu sun yi sahu, duka sun karkata gefe ɗaya, tsakanin kowane biyu tsawon mutum a kwance. Maza uku, kowa da tabon salla a goshi, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa.

Na miƙe na ce musu wannan maƙabarta ce, uwata da uwar Firezidan ɗinku na cikinta.

Na ɗauka wani zai ja salati. Wanda ya fara buɗe baki mai ragon nan ne, abin da ya ce kuwa shi ne, "To yanzu ina za mu kwana?"

Zan yi wa Mutari adalci, don na san za ki so haka. Fuskarsa ta faɗi, ya tashi ya zagaya bayan mangwaro, ya daɗe bai dawo ba. Bai sani ba. A Yamai ya tashi, inda kabari ke da tudu da farantin ƙarfe mai suna. Bai taɓa ganin irin namu ba. Ban kama shi da laifin abin da ya yi cikin rashin sani ba, Allah ma ba Ya kamawa. Abin da ya biyo baya ne ya sa nake rubuta miki.

Tun kafin in isa gida saƙonni suka fara zuba a zauren ƙungiya na waya. Wani ya ce ai matattu ba su san ana yi ba. Wani ya ce in aka bi ta wannan, duk duniya kabari ce, sai a daina tafiya. Wani mai farmasi, mai sayar da magani, ya yi dogon rubutu, wai mai yiwuwa ba na Musulmi ba ne, na mutanen da ne, kamar in na mutanen da ne ya halatta a yi musu wasan mota a ka. Abin da ya fi damun ma'ajin ƙungiya kuwa, an riga an buga hoton da'irar duwatsun a bayan riguna. Cikin mutanen nan duka, mace ɗaya ce, matar wani, ta kira ni ta ce, "Tanti, kala suru," wato in yi haƙuri da Zabarmanci. Allah Ya saka mata.

Na ɗauki jaka na bi su gida gida ina karɓar duwatsun. Wannan yawon ba zan manta shi ba. Na samu ɗaya a cikin akwatin gilashi na kifayen ado, kifi na kewaya shi. Na samu ɗaya an tokare ƙofar gareji da shi. Wani ya ce yaronsa ya shafa wa nasa fenti, in na karɓa zai yi kuka. A wani gida kuma Hajiyar ta shiga makewayi ta fito da shi a jiƙe, tana cewa, "Wallahi Tanti, ya fi na kasuwa cire kaushi." Dutsen kan wani bawan Allah, wanda ɗan'uwansa ya sauka rami yana kuka ya zaɓo masa. Na karɓa na juya. Da na fita ƙofar gidan sai da na tofar da yawu.

Na wanke su, na naɗe cikin farin ƙyalle, suna ɗakina. Amma me wankin zai gyara? Ko an maida su yau, wa ya san wanne ne na wa? Baƙin nan mai jijiya ma ba zan rantse naki ba ne. Ramin Baba ba shi kaɗai ke aiki a ciki ba, baƙaƙen duwatsu masu jijiya kuma suna da yawa a ƙasar. Na kan ɗauko shi in riƙe, in ji nauyinsa, in maida.

Ban gaya wa Baba ba. Ina ta neman bakin da zan faɗa da shi. Hankalina ya ɗan kwanta da tunanin cewa ko babu dutse zai gane wurin, tunda shi ya haƙa da hannunsa. Na ce a raina a sake wurin zango, mu je, ya nuna mini, mu yi addu'armu mu dawo. Iyakar abin da nake so ke nan.

Sai ga Mutari bayan la'asar, ya shigo da kwamfuta a hammata, idonsa na walƙiya. Ya ce ya kasa barci tun ranar, amma Allah Ya ba shi mafita.

Ki ji mafitar, Inna. Za a matsar da zango gefe. Maƙabartar kuma za ta zama babban masauki a tsarin tafiya, a sa ta a taswira da alamar tauraro. Za a tafi da siminti da farantin marmara mai sunanki da rubutun zinariya. Ayari zai tsaya, kowa ya fito cikin rigar ƙungiya. Baba zai taka da sandarsa a hankali ya nuna wurin, ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto na binsa ta sama. Ni zan tsaya gefensa da farin lulluɓi. Baba zai ba da labarin rayuwar leburori, in hawaye ya zo masa kada a hana. Har kiɗan da za a ɗora a kan bidiyon ya zaɓa, ya kunna mini in ji. Daga nan kuma kowace shekara ayari zai riƙa tsayawa a kanki, a kawo baƙi. Ya ce, "Yaya, wannan ne zai bambanta tafiyarmu da ta kowa."

Ya tambaye ni ko akwai hotonki. Na ce ba a taɓa ɗaukarki ba. Ya ce ba damuwa, in ba shi nawa na ƙuruciya, akwai na'urar da za ta zana fuskarki daga tawa.

Da mugunta ce ta sa shi, da na san yadda zan yi da shi, da na zage shi tas na kore shi. Amma shi har cikin zuciyarsa girmama ki yake yi. Nadamarsa ta gaskiya ce, sai dai ba ta yi mako a jikinsa ba ta rikiɗe ta zama shiri mai taken Faransanci. Ya taka ki da mota bai sani ba, yanzu da ya sani yana so ya kafa ki a bakin hanya a riƙa kallo. Ƙyama na ji, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Ƙyamar abin da ya fito daga bakin yaron da na tauna wa abinci.

Kafin in tare shi ya wuce wurin Baba. Baba na zaune a tabarma a inuwar zaure. Mutari ya durƙusa ta gefen kunnen da ke ji, ya kwashe komai ya faɗa masa, tun daga duwatsun har zuwa marmara da jirgin sama. Ina tsaye riƙe da ƙyaure.

Baba ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi: "Motoci sun hau?" Mutari ya sunkuyar da kai ya ce sun hau, ba su sani ba. Baba ya ce, "Allah Ya yafe mana." Sai Mutari ya tambaye shi ko zai gane wurin ba tare da dutsen ba.

Baba ya daɗe yana murza bakin tabarma da yatsa. Sannan ya ce, "Na manta."

Mutari ya matsa, ya ce in sun isa zai tuna, ga tsauni, ga ƙorama, za a bi da shi a hankali. Baba ya ce, "Na tsufa, Mutari, na manta. A ba wani kujerata." A kan haka ya tsaya, har ɗanki ya gaji ya naɗe kwamfutarsa ya tafi.

Na san Baba bai manta ba. Mutumin da har yau yake lissafa sunayen abokan raminsa da garuruwansu. Na zauna inda Mutari ya tashi, na ce masa ya bar ƙungiya da shirmenta, zan nemi mota ɗaya mu tafi daga ni sai shi. Ya girgiza kai, ya ce garin yanzu ya shiga bakinsu, duk inda ya tsaya ya ɗaga hannu sai labari ya kai. Na ce to ya gaya mini ni kaɗai, ya kwatanta mini, ko bayan ransa in je.

Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ya daɗe bai yi mini ba. Ya ce, "Ke kika goya shi, Rabi. Zai zo ya zauna gabanki ya yi miki fuskar nan tasa, ki faɗa." Ya ƙara da cewa, "Uwarku ko da ranta ba ta son a kalle ta tana cin abinci. Ba zan kai mata ƴan kallo ba."

Gaskiya ya faɗa. Tun yana ɗan tsumma a bayana ban taɓa iya hana Mutari abin da ya nace a kai ba.

Don haka, Inna, ba za mu zo ba.

Su za su tafi in sanyi ya shiga. Sun samu wani ma'aikacin jinya, kujerar Baba kuma an ɗora mata firigo. Za su tsaya a bakin filin nan su duba gabas su duba yamma, ba za su san inda kike ba. Ni ma haka zan zauna ban sani ba, har in tarar da ke.

Kada ki ce ya fasa ne don ya daina so. Na ga mutane da yawa a gadon asibiti suna rabuwa da abin da suke ƙauna, ban taɓa ganin wanda ya ajiye nasa da hannunsa irin yadda tsohon nan ya yi a kan tabarma ba. Abin da ya roƙa tun muna yara ne aka kawo masa har ƙofar gida, ya ce a mayar, don ki kwanta lafiya. Na yi fushi da shi kwana biyu. Yanzu in na kai masa abinci na kan ɗan tsaya ina kallonsa, in ce ashe haka aka so ki.

Innata, ina kewarki. Na girme ki yanzu da shekaru masu yawa, na yi jika, amma har gobe in abu ya dame ni ke nake nema in gaya wa. Ki yafe wa Mutari. Bai san ɗumin jikinki ba, shi ya sa yake neman ki a marmara. Ni ma ina ƙoƙarin yafe masa, ban kai ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa iska ta share sawun tayoyin nan daga kanku. Allah Ya jiƙan maƙwabtanki na wannan fili, mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa da Abzin, waɗanda aka ɗauke wa alama, Shi da ba Ya buƙatar dutse kafin Ya gane bawanSa. Allah Ya ba Baba ladan ziyarar da bai yi ba. Ya haɗa mu a inda babu mai leƙe. Amin.

Ƴarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta,
Rabi
Gudel, Yamai